Rakiya da Ɗakin da Ba Ƙofa

Abin da na fara shanyawa a ƙasar Gabon ba zanina ba ne, littattafai ne. Kwale-kwalen da ya ɗebo mu daga Kalaba ya ajiye mu a wani bakin ruwa mai taɓo, matuƙin ya nuna mana duhun itatuwa ya ce birni na bayan nan, ya juya abinsa. Na ratsa ruwa har ƙirji da ƙunshi a ka. Duk da ledar da na naɗe shi da ita, sai da teku ta ɗanɗana. Littattafan hoto ne na 'yan aji ɗaya, waɗanda na yi shekaru ina koyarwa da su a wata firamare a ƙasar Kazaure, kafin albashi ya koma sai dai mu ji labarinsa a rediyo.

Wadda ta kira ni zuwa Libreville, babban birnin ƙasar, 'yar garinmu ce, Hajiya Turai, mai sayar da abinci a unguwar Cocotiers. Ta aiko cewa Hausawan can sun buɗe makaranta, malama kawai suke jira. Da na huce gajiya na tambaye ta ina makarantar, sai ta dube ni ta yi dariya.

"Makaranta? Ai tana nan tafe, Saude. Kafin ta iso, ga murhu nan."

Haka na zama mai tuƙa tuwon shinkafa da wanke-wanke. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma baƙo ko da ido makaho ne, ban san ko hanyar komawa bakin ruwan ba. Abin da ya rage mini zafi shi ne kallo. Ban taɓa ganin gari irin wannan ba. Ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya ɗauke, rana ta fito, ya sake dawowa kafin shanya ta bushe. Ko sanda ka manta a ƙasa sai ka same ta tana neman yin ganye. Rogo kuwa ba dafa shi ake yi a ci da ƙuli ba, jiƙa shi ake yi a kirɓa a naɗe cikin ganye, ya yi ta tsami, mutane na santi. Na daɗe ina toshe hanci kafin na zama mai neman ƙari.

Amma duk abin mamakin garin bai kai 'ya'yan Hausawa ba. Ka ga yaro ran Juma'a da kaftani da hula, sunansa Sani ko Habibu, fuskar nan ta gida sak. Ka ce masa, "Ina wuni?" sai ya ce, "Bonjur, tanti." Hausa tana shiga kunnensu, amma ba ta fitowa ta baki. Nakan tsaya da muciya a hannu ina sauraronsu, ina tunanin wane irin mafarki yaran nan suke yi, kuma da wane harshe.

Wata rana wani mai zuwa cin abinci ya tarar da ni ina nuna wa wata yarinya hoton raƙumi a bayan tukwane. Alhaji Isufu ke nan, mutumin Tasawa ta ƙasar Nijar, mai shagon rediyo da batir a unguwar Plaine Orety. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Rakiya, wadda a lokacin take famfara. Ya ajiye cokali ya ce:

"Malama, ashe ke malama ce ta gaske? Ɗiyata in na yi mata Hausa tana ji, amma da Faransanci take maido mini. Uwata na ƙauye, ko bonjur ba ta sani ba. Ran da Allah ya gama su, mi za su ce ma juna?"

Shi ya bi iyaye shago-shago, 'yan Kano da 'yan Maraɗi da mutanen Garwa na Kamaru, har aka kama wata baranda a unguwar Sotega da ɗan ɗaki a gefenta inda zan riƙa kwana. Hajiya Turai ta ce na ci amanarta. Na ce, "Hajiya, makarantar da kika ce tana tafe ce ta iso." Ba ta sake amsa gaisuwata ba.

Mai gidan da muka kama wata dattijuwa ce 'yar ƙasa, Madam Filomen, tsohuwar malamar lakwal da ta yi ritaya. Lakwal shi ne makarantar boko a bakin mutanen can. Tana jin 'yar Hausa, irin wadda ta tsinta wajen 'yan haya, ta kan kira mace da "kai" ta kira namiji da "ke", ba ruwanta. Yara kan zo mini da yamma in an tashi daga lakwal, ita kuma ta ja kujera bakin ƙofarta tana ɓarar gyaɗa tana kallonmu.

Na koyar yadda aka koyar da ni. In ɗaga littafi sama, in nuna hoto da tsinke, in ɗaga murya: "Wannan jaki ne!" Yara su amsa: "Wannan jaki ne!" "Wannan rijiya ce!" "Wannan rumbu ne!" Kafin a jima sun haddace littattafan kaf, ko ban buɗe shafi ba sun san abin da ke biye. Iyaye suka yi ta sa albarka. Wani mutumin Garwa har ya kawo mini atamfa, ya ce ɗansa ya tashe shi daga barcin rana da "Wannan turmi ne!" Ni kaina na ji daɗi, har tafiyata ta canja.

Ana cikin haka aka wayi gari an karya darajar sefa, kuɗin ƙasar. Kuɗin da ke aljihun mutum bai ragu ba, amma abin da zai saya da shi ya rabu biyu. Shagunan iyayen yarana suka yi tsit. Takardar zane da fensir mai launi, da yake duk daga waje ake kawo su, suka fi ƙarfinmu. Alhaji Isufu ya fara aiko mini da kwalayen batir da suka ƙare, mu yanka mu yi rubutu a bayansu. Da babu gara ba daɗi.

Ɗaya daga cikin kwalayen nan Madam ta ɗauka wata rana bayan ta gama sauraron karatunmu. Ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarta ta taso.

"Malama, yaranka suna waƙa da kyau," in ji ta. "Amma suna gani?"

Na ji haushi. Na ce ai ga idanunsu nan a buɗe. Ba ta kula ni ba. Ta sa almakashi ta huda kwalin, ta yi masa 'yar taga kamar faɗin bakin kofi, ta karɓi littafina ta rufe shafin jaki da shi, kunne ɗaya kawai ke leƙowa. Ta tambayi yara da Faransanci me suka gani. Sai ta yi shiru.

Shirun nan ya dame ni. A ajinmu na gida, malami ya yi tambaya a yi shiru, ai abin kunya ne. Na buɗe baki zan taimaka musu, ta damƙe mini wuyan hannu ba tare da ta dube ni ba.

"A jira," ta ce.

Can wani ya ce ganyen ayaba ne. Wata ta ce wuƙa. Wani ya ce zomo. Ba wanda ta ce wa ya yi daidai ko ya yi kuskure, sai dai ta tambaye shi me ya sa ya ce haka, ta ɗan ja tagar gaba. Ido ya fito, baya ya fito, jela ta fito. Yaran da na saba gani a jere kamar an dasa su suka taso suna ture juna. Da ta ɗauke kwalin gaba ɗaya suka yi ihu, "Wannan jaki ne!" Sai ta tambaye su, to mene ne jaki? Suka dubi juna. Wani ɗan Kano ya ce, cikin tausayi, doki ne da bai da lafiya.

Na yi dariya har na riƙe ciki, amma daga ranar tsinkena ya huta. Wani irin son sani ya kama ni, kullum ina ɗokin yamma ta yi in ji me kuma yaran nan suke gani a hotunan da ni nake ganin ba su da wani ɓoye. Rijiya, a wurinsu, tayoyin mota ne aka jera. Guga jakar lakwal ce da ta tsufa. Da muka zo shafin da makiyayi ke tafe a fili, wani ya tambaye ni wa ya sare dajin, kuma an kama shi? Muka yi yarjejeniya, duk abin da taga ta nuno su ba ni sunansa da Faransanci, in ba su na Hausa, sai kowa ya yi jimla da kalmar da ya karɓa. Suna dariyar bakina, ina dariyar nasu.

Rakiya ba ta da yawan magana, amma in ta yi tambaya sai na kwana da ita. Ita ce ta taɓa jan tagar daga farkon littafi har ƙarshe, ta ɗago ta ce:

"Malama, ina teku?"

Na ce garinmu ba teku.

"To ruwan sama ina yana tafiya?"

Na ce ƙasa ke shanye shi, kuma ba ya isarta. Ta daɗe tana kallona kamar mai auna ko ƙarya nake yi. Abu ɗaya na lura da shi ban ba shi muhimmanci ba, duk ran da muka zo shafin gidan ƙauye, mai turmi da kaji da rumbuna biyu, Rakiya takan sunkuyar da kai ta yi ta wasa da yatsun ƙafarta.

Shekara ta kewayo, sai rediyo ta sanar cewa duk baƙon da ba shi da katin zama ya je ya biya ya karɓa, ko ya bar ƙasar kafin wa'adi ya cika. Kuɗin katin kuwa, ga wanda sefa ta riga ta kayar, sai dai a ji a yi salati. Jandarmomi suka fara tare taksi suna sauke mutane. Ajina ya yi ta raguwa, yau a ce su wane sun shiga jirgi, gobe a ce an kama uban wance a kasuwa. Ni da na shigo ta cikin taɓo ba ni da ko guntuwar takarda. Ran da aka shigo layinmu ana bincike, Madam ta fizge mayafina, ta ɗaura mini ɗankwalinta irin ɗaurinsu, ta dangwara mini tiren gyaɗa a cinya, ta hau ni da faɗa da yarensu. Da aka tambaye ta ni wace ce, ta ce 'yar ƙanwarta ce daga ƙauye, kurma ce kuma ga lalaci. Suka yi dariya suka wuce. Kurmar na yafe mata, lalacin ne har yau muke da sauran magana.

Bayan 'yan kwanaki Alhaji Isufu ya zo, ya rame, hularsa har ta yi masa yawa. Ya ce ya sayar da abin da zai sayar ya yi wa kansa kati, ya saki ɗakin haya, a shago zai riƙa kwana. Ba wurin yarinya a shago.

"Malama, na ji kin ce gida za ki. Don Allah ki tafi mini da ita ki miƙa ma uwata. Daga Tasawa zuwa Kazaure ba nisa." Ya shafa fuska. "Sai dai ban san mi ya same ta ba. Na ɗauko littafin nan naki don in kwantar mata da rai, na buɗe na ce ga irin gidan kakarki nan. Tun ran nan ba ta cin abinci. In na ce Tasawa sai ta ƙanƙame ni tana kuwwa. Na ce mata ba komi, na rantse mata, ba ta ji. Ina tsoron kada ta faɗa ruwa a hanya ko ta gudu ta ɓace mini cikin garin ga."

Yarinyar da ya zo da ita ba Rakiyar da na sani ba ce. Idanu sun faɗa, leɓe ya bushe. Da ta gan ni ta zille ta shige ƙarƙashin gadon Madam. Jirgin ruwan da muka samu wuri a ciki kuwa ya kusa tashi.

Washegari da hantsi na ɗauki littafin da tagar kwali na zauna a ƙasa kusa da gadon. Ban kira ta ba. Na buɗe shafin gidan ƙauye, na rufe shi, na bar kaza kawai tana leƙowa, na tura inda za ta gani.

"Me kika gani?"

Da ƙyar na ji, "Kaza."

Na ja. "Turmi." Na ja. "Mace tana daka." Na ja tagar ta sauka kan ƙaramin rumbu. Shiru.

Maganganu sun cika mini baki: kar ki ji tsoro, kakarki na son ki, ƙauye da daɗi. Duk uban ya riga ya faɗa mata su. Na tuna hannun Madam a wuyan hannuna, na haɗiye. Na ji mai kifi ta wuce tana talla, na ji ruwa ya fara sauka a kan kwano ya kuma ɗauke. Sannan muryar ta fito daga ƙarƙashin gado.

"Ba ƙofa."

"Me ya sa kika ce haka?"

Wani ɗan yatsa ya fito ya tura tagar sama da kansa. A hoton akwai mutum tsaye kan tsani, ya ɗage murfin ciyawar rumbun, yana zura yaro ciki ta baki. Na ga hoton nan sau ba adadi, ban taɓa ganin komai a ciki ba sai ana ɗibar hatsi. Ta yi magana rabi Hausa rabi Faransanci, tana shessheka.

"Babban na Kaka ne. Ƙaramin na yara. Ba ƙofa, ba taga. Ana sa yaro ta sama, a rufe da hula. Baba ya ce gidan Kaka haka ne."

Dariya ce ta fara taso mini, kafin ta iso baki ta zama hawaye. Yarinyar nan ta fi shekara tana rera "Wannan rumbu ne" da murya mai daɗi, ashe a ranta kurkukun yara take kira. Ba ta taɓa ganin gero a zangarniya ba. Abinci a wurinta daga buhu yake fitowa, buhu daga shago, shago daga jirgin ruwa. To mutum zai gina ɗaki don hatsi? Rashin sani ya fi dare duhu, kuma ni da ita duk a cikinsa muke.

Na ga in na faɗa mata da baki, zai zama wani "ba komi" ne kawai. Na aika aka kira Alhaji da sauran yaran da ba su tafi ba. Muka haƙo jar ƙasa a bayan gidan Madam muka kwaɓa. Da na gaya wa Alhaji abin da ke nan, ya dafe kai ya ce, "La'ilaha! Ni na yi mata wannan da hannuna." Sai ya naɗe hannun riga ya durƙusa. Mutumin da ya yi shekaru yana gyaran rediyo, ashe hannunsa bai manta ba. Ya jera 'yan duwatsu, ya ɗora gindi a kai, ya yi ta murza ƙasa yana ɗorawa zagaye-zagaye har ya tayar da rumbu mai tsawon gwiwa. Muka yi masa murfi da ganyen kwakwa. Wata mata 'yar Garwa ta kwance ɗan geron da take ɓoyo don kunun azumi ta ba mu tafi guda.

Rakiya ta fito tana leƙe daga bayan ƙofa. Alhaji ya zuba geron a ciki, ya ɗauki 'yar tsanar wata yarinya ya zura ta, ya fito da ita da gero a murfin kwalba.

"Ni ne yaron ga na cikin hoto," ya ce mata. "Babba ba ya shiga, bakin ya yi mai kaɗan, sai a sa ɗan ƙarami. Ciki da sanyi, ga ƙanshi. Har faɗa muke da ƙanena kan wa za a sa. Kana miƙo hatsi, kana tauna na taunawa."

"Ana fito da shi?"

"In ba a hiddo shi ba, wa zai miƙo hatsin? Ai gida ba tuwo ke nan."

Ta matso ta karɓi 'yar tsanar. Ta zura ta, ta fito da ita. Ta sake zurawa, ta sake fitarwa. Ba wanda ya hana ta, har ƙasar da ba ta gama bushewa ba ta fara tsagewa. Sannan ta tambayi uban ita a ina za ta kwana. Ya ce a bayan Kaka, gado ɗaya, ɗaki mai ƙofa, kuma Kaka na minshari. Ran nan ta ci rogo da kifi har Madam ta ce a bar ta haka kar cikinta ya ɓaci.

Da ta ƙoshi ta dube ni. "Kaka ta san teku?"

Na ce ko a mafarki.

Kwanakin da suka rage muka yi su muna haɗa wa Kaka littafi. Kwalin batir ne shafukan, Madam ta ɗinke su da zaren buhu. Launi kuwa abin da ya samu: bulun wanki, jar ƙasa, gawayi, ganye da aka murza. Rakiya ta zana teku ta cika shafi da ita. Ta zana taksi, da rogo a ganye, da gungumen katako da ruwa ke turowa bakin gaɓa, da Madam a kujerarta da tire. A shafin ƙarshe ta zana ubanta kwance a shago, rediyoyi sun kewaye shi.

Ba na son tuna tashar jirgin ruwa. Mutane jibge da katifu da tukwane, rana na dukan kowa, ana kiran sunaye ana turereniya. Alhaji ya riƙe kansa har muka hau, sai da ya juya baya na ga kafaɗunsa na rawa. Madam ta cusa mini ƙunshin rogo da almakashinta. Ta ce, "Malama, kai ka tafi lafiya. Ka riƙa jira." Na rungume ta ina kuka, ban damu da masu kallo ba.

A cikin jirgi manya na amai, yara na kuka, Rakiya kuwa ta tara 'yan uwanta yara a gindin wani tulin kaya tana ja musu taga. Muka sauka Kwatano, muka shiga mota muka yi arewa. Tana manne da gilashi tana kallon itatuwa na raguwa. Bayan mun wuce Gaya ta ƙasar Nijar, sai ta ce, "Malama, an share dajin." Da ta ga wata dabba a bakin hanya da kaya a baya ta yi tsalle, "Doki mara lafiya!" sai ta dube ni ta gyara, "Jaki." Amma da rumbuna suka fara bayyana a gefen ƙauyuka, na ji hannunta ya lalubo nawa ya riƙe.

Ƙauyen yana gaba da Tasawa kaɗan. Kakar, Inna Hajo, doguwar tsohuwa ce mai baki kamar rediyon ɗanta. Ta rungumo yarinyar tana kuka tana zuba mata Hausa ba tsayawa, kirari da tsiya da tambayoyi a haɗe. Rakiya ta zame ta ɓuya a bayana. Aka kawo fura ta ƙi sha. Duk abin da aka tambaye ta sai ta dube ni. Da yamma Inna Hajo ta ja ni gefe, muryarta ta yi sanyi.

"Malama, ki gaya mini gaskiya. Ɗiyar ga ba ta magana ne, ko ni ce ba ta so?"

Na ce, "Inna, a ɗan jira."

Na faɗa ne kawai, amma ni kaina ban tabbata ba, don gobe zan kama hanya in bar su su biyu.

Da safe aka tashi ɗibar hatsi. Wani ƙanen Alhaji ya kafa tsani, ya ɗage murfin rumbu, ya ɗaga ɗansa ya zura. Rakiya ta tsaya ƙyam a tsakar gida, ko ƙiftawa ba ta yi. Damin gero ya fito, wani ya biyo. Can sai ga hannuwa biyu, sai kai, aka jawo yaron fari fat da ƙura, kumatunsa cike yana tauna. Na ji ta sauke numfashi.

Ta shiga ɗaki ta fito da littafin kwali. Ta wuce ni kamar ba ta san ni ba, ta je ta zauna a tabarmar da Inna Hajo ke kaɗa zare. Ta buɗe shafin farko, ta ɗora taga a kai, ta tura mata gaba.

"Kaka, me kika gani?"

Tsohuwar ta ajiye mazari. Ta duba, ta kai shi nesa da ido, ta dawo da shi kusa.

"Mi na gani? Shuni na gani. Wani marini ne ya zubar da baba."

Bakina ya riga hankalina. "A'a Inna, ai wannan..."

Rakiya ta ɗago ta ɗaga mini hannu, fuska a ɗaure.

"Malama, a jira."

Ta juya ga kakarta. "Me ya sa kika ce haka?"

"Yo ba ga shi shuɗi ba? Ja mini in ga marinin, in ji wa zai biya shi wagga ɓarna."

Ta ja tagar kaɗan, ƙaramin kwale-kwale ya leƙo. Inna Hajo ta ce ƙwarya ce ta faɗa rijiya. Rakiya ta ƙyalƙyale da dariya, ta gyara zama, ta jingina da cinyar tsohuwar.

Na ɗauki jakata. Farin ciki ya cika ni, da ɗan kishi kuma, ba zan ɓoye ba. Na yi sallama daga bakin zaure, ba wadda ta ji ni. Suna kan shafin farko, kuma na san akwai Alhaji kwance cikin rediyoyinsa a shafin ƙarshe yana jiran su iso.